Kiɗan mutum huɗu na Messiaen: gaskiyar labarin sansanin fursunoni da yadda ake sauraronsa

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya a kan kiɗan mutum huɗu da Bafaranshen nan Olivier Messiaen ya tsara lokacin da yake fursunan yaƙi a hannun Jamusawa. Ya ji an ce an buga shi da karyayyun kayan kiɗa a gaban mutum dubu biyar cikin tsananin sanyi, labarin ya taɓa masa zuciya, ya nemo kiɗan ya saurara, sai ya tarar babu bugun da zai bi, wasu wuraren kuma jan su ya yi yawa har haƙurinsa ya ƙare. Yana son ya san ko labarin gaskiya ne, da kuma yadda ake sauraron irin wannan kiɗa.

Malam, labarin da ka ji yana da tushe, amma an yi masa ƙari, kuma wani ɓangare na ƙarin daga bakin Messiaen kansa ya fito. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne cewa zaman sansanin yana bayyana dalilin haɗuwar waɗannan kayan kiɗa huɗu, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa kiɗan yake tafiya yadda ka ji shi. Wannan na biyun yana cikin aƙidar mutumin da dabarun da ya fara ƙerawa tun kafin yaƙi, kuma duk wanda ya zauna sauraro yana jiran kukan fursuna ko ƙarar bindiga zai tashi bai samu abin da ya zo nema ba.

Sunan kiɗan da Faransanci Quatuor pour la fin du Temps, wato kiɗan mutum huɗu domin ƙarshen Lokaci. Yana cikin rukunin da za mu iya kira kiɗan zaure, inda makaɗa kaɗan suke zama kusa da juna, kowa da nasa layi a rubuce, babu jagora mai sanda a gabansu, sai dai su haɗa kai ta hanyar kallon juna da sauraron numfashin juna. Kayan su ne biyolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, da celo, babban ɗan'uwansa mai kaurin murya da ake jingina shi tsakanin gwiwoyi, da kilarinet, abin busa na katako mai ɗan siririn harshen gora a bakinsa, sai fiyano. Wannan haɗi ba shi ne aka saba da shi ba, domin kiɗan mutum huɗu da Turai ta fi sani tun zamanin matsarin kiɗa Haydn na 'yan gida ɗaya ne, masu tsirkiya zalla. Bajamushen nan Paul Hindemith ya yi wa irin wannan haɗi kiɗa a 1938, amma Messiaen ya yi aiki ne da mutanen da ƙaddara ta haɗa shi da su.

An haifi Messiaen a Avignon a ranar 10 ga Disamba, 1908, kuma tun 1931 shi ne mai kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututun iska, a cocin Sainte-Trinité da ke Paris, aikin da ya riƙe har rasuwarsa a 1992. Da yaƙi ya ɓarke aka ɗauke shi soja, amma saboda raunin idonsa aka sanya shi a ɓangaren taimakon jinya. A garin Verdun na Faransa ya haɗu da Étienne Pasquier, mai celo wanda ya riga ya yi suna tare da 'yan'uwansa biyu, da kuma Henri Akoka, mai busa kilarinet, Bayahude haifaffen Aljeriya. Lokacin da Faransa ta faɗi a tsakiyar 1940 aka kama su, aka tsare su a wani fili kusa da Nancy, kuma a wannan filin ne Akoka ya fara gwada busar da daga baya ta zama babi na uku, Pasquier yana riƙe masa takarda. Daga nan aka kai su sansanin fursunonin yaƙi na Stalag VIII-A a garin Görlitz na Jamus, inda suka tarar da mai biyolin Jean Le Boulaire. Wani jami'in sansanin mai suna Brüll ya samar wa Messiaen takarda da fensir da wurin da zai keɓe ya yi rubutu. Ranar 15 ga Janairu, 1941, mutanen huɗu suka buga kiɗan a karon farko, Messiaen yana kan fiyano, yana da shekara 32.

Ga inda ƙarin ya shiga. Messiaen ya sha faɗa a bayan yaƙi cewa mutum dubu biyar ne suka saurara, kuma celon tsirkiya uku kawai gare shi. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Rebecca Rischin, ta yi hira da Pasquier da Le Boulaire a shekarun 1990 kafin su rasu, kuma abin da ya fito daga bayanansu ya sha bamban. An yi wasan ne a cikin ɗakin katako da fursunoni suka mayar gidan wasan kwaikwayo, wanda ba zai ɗauki fiye da mutum ɗari huɗu ko makamancin haka ba. Pasquier ya dage cewa celonsa tsirkiya huɗu gare shi, cewa fursunoni ne suka yi karo-karo aka raka shi cikin gari ya sayo, kuma ya ce kiɗan ba zai bugu da tsirkiya uku ba, maganar da duk wanda ya duba rubutun celon zai gaskata. Sanyin gaskiya ne, yunwar gaskiya ce, fiyanon kuma tsoho ne wanda wasu maɓallansa suke maƙalewa. Ban ɗauki ƙarin da Messiaen ya yi a matsayin ƙarya da gangan ba. Mutum ne da yake tuna daren da ya fi kowane dare girma a rayuwarsa, kuma ya ce ba a taɓa sauraronsa da irin natsuwar da aka saurare shi a ranar ba.

Akwai kuma ɓangaren da masu ba da labarin suke yawan tsallakewa, kuma bai kamata a tsallake shi ba. An saki Messiaen da Pasquier 'yan makonni bayan wasan, Messiaen ya zama malami a babbar makarantar kiɗa ta Paris a cikin wannan shekarar. An hana Akoka tafiya tare da su saboda Bayahude ne, sai daga baya ya tsere ta hanyar dirowa daga jirgin ƙasa, mahaifinsa kuwa ya mutu a sansanin kisa na Auschwitz. Lokacin da aka buga kiɗan a Paris a watan Yunin 1941, wani mabushi ne daban ya zauna a kujerar Akoka, kuma mutanen huɗu ba su sake buga shi tare ba har abada. Le Boulaire ya ajiye biyolin ya koma wasan kwaikwayo da sunan Jean Lanier. A wannan sansanin dai, bayan an fara kawo fursunonin Tarayyar Sobiyet, dubbai sun mutu da yunwa da cuta. Wurin yanzu yana cikin garin Zgorzelec na ƙasar Foland, kuma ana buga kiɗan a can kowace 15 ga Janairu.

Yanzu mu zo kan abin da ya dame ka, wato rashin bugu da yawan ja. Messiaen ɗan Katolika ne mai tsananin riƙo da addininsa, kuma ya ɗauko jigon kiɗan daga sura ta 10 ta littafin Wahayin Yahaya na Littafi Mai Tsarki, inda aka siffanta wani ƙaƙƙarfan mala'ika mai bakan gizo a kansa, ƙafarsa ɗaya a kan teku ɗaya a kan tudu, yana rantsuwa cewa lokaci zai ƙare. Abin da Messiaen ya fahimta daga nan shi ne gushewar jiya da gobe da shigowar dawwama. Babi takwas ya yi, kuma ya bayyana dalili: kwana shida na halitta, na bakwai na hutu, na takwas kuma shi ne hutun da ya zarce zuwa haske marar yankewa. Babu waƙar baki ko kalma ɗaya a cikin kiɗan, amma tambayar da ya ɗora wa kansa a fili take. Kiɗa abu ne da ba ya wanzuwa sai a cikin lokaci, sauti yana bin sauti, to ta yaya za a yi kiɗan da zai sa mai sauraro ya daina jin lokaci yana wucewa? Kunnen da ya saba da kalangu ko ganga yana samun natsuwa daga bugu mai maimaituwa, domin bugun shi ne agogon kiɗan, yana gaya maka inda kake da inda za a faɗa. Messiaen ya cire wannan agogon da gangan, kuma ya bi hanyoyi dabam-dabam wajen cire shi.

Babi na farko ya fi kowanne nuna dabarar, don haka zan daɗe a kansa. Messiaen ya ce yana siffanta tsakanin ƙarfe uku da huɗu na asuba, lokacin farkawar tsuntsaye. Kilarinet yana kwaikwayon baƙin tsuntsun nan da Faransawa suke kira merle, biyolin kuma yana kwaikwayon rossignol mai kuka da dare, kowannensu yana tafiyarsa kamar bai san da ɗayan ba. A ƙarƙashinsu fiyano yana wani aiki na lissafi. Yana da jerin dunƙulen sautuka, wato sautukan da ake bugawa tare a lokaci ɗaya, guda 29 da yake maimaitawa, yana kuma da jerin tsawon sautuka guda 17, wannan dogo, wannan gajere, da shi ma yake maimaitawa. Tun da 17 da 29 babu lambar da take raba su sai ɗaya, duk sanda jerin tsawon ya zagayo sai ya faɗa kan wani dunƙule na dabam, kuma ba za su sake haɗuwa a mafarinsu ba sai bayan bugu 493. Abin ya yi kama da yadda watan azumi yake zagaya damina da hunturu da bazara, yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko makamancin haka kowace shekara, ba ya komawa inda ya faro sai bayan kimanin shekara 33. Celo ma yana da nasa zagayen, sautuka biyar a kan tsawo goma sha biyar, da siririyar murya can sama. Babin kuwa kimanin minti uku ne kawai, yana tsayawa tun zagayen bai yi nisa ba. Ba a rufe shi da irin saukar da kunne yake jira ba, an dai janye shi ne, ta yadda za ka ji kamar ka leƙa wani abu da yake gudana tun kafin ka zo kuma zai ci gaba bayan ka tafi. Tsawon nan 17 ba daga Turai ya samo su ba, ya haɗa su ne daga salon bugu uku na Indiya, cikin guda 120 da malamin kiɗa Sharngadeva ya tattara a ƙarni na 13, waɗanda Messiaen ya gani a wani kundin ilimin kiɗa tun yana ɗalibi.

Hanya ta biyu ita ce ƙarin ɗan guntun tsawo. Ɗauki bugu huɗu masu tsawo ɗaya, ka ƙara wa na uku rabin bugu, sai tafiyar ta ɗan karkace, ƙafar mai son takawa ta rasa inda za ta sauka. Ta uku ita ce tsarin da yake daidai ko an karanta shi daga farko ko daga ƙarshe, misali tsawo uku, biyar, takwas, biyar, uku. Irin wannan tsari ba shi da gaba da baya, kuma Messiaen ya ɗauke shi alamar abin da lokaci ba ya tura shi ko'ina. Ya yi makamancin haka a ɓangaren sautuka. Kiɗan Turai yana raba tazarar da ke tsakanin sauti da maimaicinsa na sama zuwa matakai 12, kuma tsanin da aka saba da shi yana ba da sabon jeri a kan kowane mataki, yana da gida ɗaya da komai yake komawa. Tsanin da Messiaen ya fi so yana da sautuka takwas, ƙaramin mataki da babba suna bin juna, kuma idan ka matsa da shi sau uku sai ka dawo kan sautukan da ka bari. Saboda haka babu gida ɗaya da yake jan kunne da ƙarfi, sai launi da yake sauyawa. Maganar launi a wurinsa ba ado ba ce, domin yana cikin mutanen da suke ganin launuka a zuci idan sun ji sauti, kuma ya siffanta dunƙulen fiyano na tsakiyar babi na biyu da shuɗi da ruwan lemo. Dukan waɗannan dabaru ya bayyana su a littafin da ya wallafa a 1944 kan harshen kiɗansa, inda misalai da yawa daga wannan kiɗan aka ɗauko su.

Babi na uku kilarinet ne shi kaɗai, kusan minti takwas, kuma yana cikin mafi wuyar abin da aka rubuta wa wannan abin busa. Messiaen ya kira shi ramin tsuntsaye, ya ce ramin shi ne Lokaci da baƙin cikinsa da gajiyarsa, tsuntsayen kuma kishiyarsa ne, su ne marmarinmu na haske. Akwai wuraren da mabushi zai riƙe sauti ɗaya tak, ya faro shi daga inda ba a jin komai, ya yi ta ƙara masa ƙarfi har ya cika ɗakin, duk da numfashi ɗaya. Kilarinet yana iya fara sauti daga shiru fiye da yawancin kayan busa, kuma a nan ne za ka ga yadda samun Akoka a kusa ya shiga cikin jikin kiɗan. Babi na huɗu gajere ne, mai sauƙi da walwala, babu fiyano a cikinsa, kuma shi ne wurin da za ka iya kaɗa kai.

Babi na biyar da na takwas su ne masu jan da ya ƙure maka haƙuri, kuma su ne hujjata mafi ƙarfi cewa kiɗan ba labarin sansani yake bayarwa ba, domin dukansu an rubuta su shekaru kafin yaƙi. Na biyar, na celo da fiyano, ya fito ne daga wani kiɗa da Messiaen ya yi a 1937 domin wasan ruwa da fitilu a kogin Seine lokacin baje kolin duniya na Paris. An yi shi ne domin na'urar lantarki mai suna ondes Martenot, guda shida, wadda take iya riƙe sauti ba tare da yankewa ba tun da ba ta numfashi kuma ba ta da bakan gogawa. Na takwas, na biyolin da fiyano, ya fito daga kiɗan ogan da ya rubuta a 1930, ogan kuma shi ma ba ya gajiya da riƙe sauti. Ka ga nauyin da aka ɗora wa mai celo da mai biyolin ke nan: su yi da hannun ɗan Adam da baka mai iyakar tsawo abin da aka tsara wa na'urorin da ba su da wannan iyaka. A kan babi na biyar Messiaen ya rubuta cewa a buga shi da jinkiri marar iyaka, ya kuma sanya ma'aunin bugu 44 a minti ɗaya, ƙasa da bugun zuciyar mutum mai hutawa. Babukan biyu yabo ne ga Yesu bisa aƙidarsa ta Kirista, na biyar a kan dawwamarsa, na takwas a kan rashin mutuwarsa. Mai sauraro ba sai ya yi tarayya da shi a aƙida ba kafin ya gane abin da ake yi, wato jinkirta tafiya har kunne ya daina ƙidaya, ya koma zama cikin sautin da yake ji a yanzu. A ra'ayina babi na biyar shi ne ƙololuwar kiɗan, kuma mai celon da ya ji tsoron jinkirin ya ƙara sauri ya ɓata shi, ko da muryar celonsa ta kai kowace daɗi.

Idan kana son ƙarfi da motsi, babi na shida naka ne. Rawar fushi ce domin ƙahoni bakwai na Wahayi, kuma daga farko har ƙarshe kayan huɗu layi ɗaya suke bugawa tare, babu rakiya, babu dunƙule, babu wurin ɓuya. Duk dabarun tsawo da na ambata suna nan a fili, ana miƙe jimla ana taƙaita ta, ana ƙara mata guntu, kuma idan mutum ɗaya ya yi kuskuren ƙiftawar ido kowa zai ji. Babi na bakwai yana dawo da mala'ikan nan na Wahayi, wanda shi ne jigon babi na biyu, da bakan gizonsa, kuma shi ne mafi cunkoson sauti.

Ka lura da wani abu game da haɗin kansa. Cikin babi takwas, huɗu ne kawai suke haɗa makaɗan duka, wato na ɗaya da na biyu da na shida da na bakwai. Sauran kuwa mutum ɗaya ne, ko biyu, ko uku, har ma kiɗan ya ƙare da mutum biyu, mai kilarinet da mai celo suna zaune shiru. Wasu masana suna ganin wannan alama ce ta cewa an harhaɗa kiɗan daga guntaye, kuma ta fuskar tarihi suna da gaskiya. Amma ina ganin a nan ne Messiaen ya warware matsalar haɗin da ba na 'yan gida ɗaya ba. Busa da gogawa da bugun fiyano ba sa narkewa cikin juna kamar yadda masu tsirkiya huɗu suke yi, don haka maimakon ya tilasta musu, ya bar kowanne ya yi magana a inda ya fi ƙarfi, ya haɗa su ne kawai a inda yake son tarin launi ko dunƙulallen ƙarfi. Haɗin ya samu karɓuwa bayansa har wasu makaɗa huɗu a Amurka suka kafa ƙungiya mai suna Tashi a 1973 domin buga wannan kiɗa, kuma Toru Takemitsu na Japan ya rubuta musu sabon kiɗa a kan kayan nan huɗu.

Shawarata ita ce kada ka fara da sauraron minti hamsin a zama ɗaya. Fara da babi na shida, domin kunnenka ya saba da tsawon da ba ya daidaita. Koma na ɗaya ka saurare shi sau biyu, karon farko ka bi kilarinet, karo na biyu ka yi watsi da tsuntsayen ka bi fiyano kawai. Sa'an nan ka ɗauki na biyar a lokacin da babu abin da yake jiranka, kada ka nemi inda layin zai je, ka dai saurari yadda mai celo yake sauya bakansa ba tare da sautin ya yanke ba. Bayan haka sai ka bi takwas ɗin a jere. Yi amfani da abin sauraro na kunne ko lasifika mai kyau, domin lasifikar waya tana haɗiye farkon dogayen sautukan babi na uku da siririyar muryar celo a babi na ɗaya, alhali rabin aikin a wurin yake. Akwai ɗaukar da aka yi a 1956 wadda Messiaen da kansa yake kan fiyano, Étienne Pasquier yana kan celo, ɗan'uwansa Jean yana kan biyolin, André Vacellier kuma yana busa kilarinet. Sautinta tsoho ne, don haka ka fara da ta ƙungiyar Tashi ko wata sabuwa mai tsabtar ɗauka, sa'an nan ka koma kanta ka kwatanta saurin da suka ɗauka a babi na biyar da na takwas.